Zarra mai ƙofa biyu

Duk wanda ya taɓa kwance bayan doguwar farar eriyar nan da ake ɗaurewa a saman ƙarfen sabis ya san ba eriya ɗaya ce a ciki ba. Ƙanana ne da yawa, an jera su daga sama zuwa ƙasa, kowace da tata wayar. Dalilin jera su shi ne igiyar da ta fito daga wannan ta haɗu da wadda ta fito daga waccan a cikin iska. A wani ɓangare tudu ya hau kan tudu, sigina ta ninka. A wani ɓangaren tudu ya faɗa cikin kwari, su kashe juna, a samu wurin da babu komai. Rabin aikinmu ke nan, mu masu kula da waɗannan na'urori: mu sunkuyar da ƙarfin kan unguwa, mu tura ramin sama inda ba mai waya sai shirwa. In ka ga mutum tsaye daf da gindin ƙarfe yana ɗaga waya yana tsaki, sau da yawa cikin irin wannan ramin ya tsaya.

Fiziks na karanta kafin neman abinci ya kai ni hawa ƙarfe, kuma har yanzu in an dawo da wuta da daddare nakan buɗe takardun binciken da masana ke sakawa kyauta a intanet. A nan na ci karo da abin da suke kira ƙatuwar zarra ta ƙira. Ban yi nisa da karatu ba na gane ashe sana'armu ce aka kai cikin firji. Sun ɗauki zarra ɗaya sun ba ta eriya biyu ko fiye. Sai dai abin da ya biyo baya ya wuce abin da mu muka sani a kan ƙarfe.

Zarra ta ainihi, irin ta haidurojin ko sodiyom, faɗinta kashi ɗaya cikin goma na nanomita ne, ko ninkinsa kaɗan, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Hasken da ido ke gani tsawon zangonsa tsakanin nanomita 400 ne da 700. Wanda ya tashi da sauraron rediyo ya san zango, mita 25 ko mita 31 a gajeren zango, wato nisan da ke tsakanin tudun igiya da tudu na gaba. Zangon haske ya fi zarra girma sau dubbai. Saboda haka in igiyar haske ta zo wucewa, zarrar gaba ɗayanta wuri ɗaya take taɓawa a jikin igiyar, ba a samun wani sashe nata a kan tudu wani a cikin kwari. Tun shekarun 1920 da aka kafa ilimin kwantom, wato ilimin halin ƙananan abubuwa irin zarra, masu lissafi suke ɗaukar zarra a matsayin ɗigo marar faɗi in ana maganar hulɗarta da haske, kuma lissafin ya yi ta fitowa daidai. Har zarrar Rydberg, wadda ake kumbura ta ta kai maikuromita (kashi ɗaya cikin dubu na milimita), ɗigo ce, don igiyar da take hulɗa da ita ta milimita ce ko santimita. Da yake an daɗe ba a ga inda zancen ya karye ba, an kusa mantawa cewa sauƙaƙawa aka yi, ba doka ba ce.

Zarrar ƙira kuwa sakit ne na lantarki da aka zana da alminiyom a kan ɗan faifan silikon ko makamancinsa. Zuciyarsa mahaɗar Josephson ce: ƙarfe biyu da siririyar tsatsar alminiyom a tsakaninsu, kaurinta nanomita ɗaya ko biyu. Brian Josephson ya yi hasashen abin da zai faru a irin wannan mahaɗa a 1962, yana ɗalibi a Kambirij. In aka sanyaya alminiyom ƙasa da kelbin 1.2, wato digiri 1.2 kacal sama da ƙarshen sanyi, wuta tana ratsa shi ba turjiya, sai sakit ɗin gaba ɗayansa ya ɗauki halin zarra. Kuzarinsa ba ya hawa a hankali, matakai yake takawa, kuma mahaɗar tana sa tazarar matakan ta bambanta, yadda za ka iya kama biyun ƙasa kaɗai ka yi aiki da su. John Clarke da Michel Devoret da John Martinis suka nuna waɗannan matakai a Berkeley a 1984 da 1985, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel ta 2025. Yasunobu Nakamura da abokan aikinsa a Japan suka mayar da irin wannan sakit kubit, wato ƙwayar ajiye bayani ta kwamfutar kwantom, a 1999, sannan a 2007 Jami'ar Yale ta fito da samfurin da ake kira tiransmon, wanda a kansa IBM da Google suka gina kwamfutocinsu na kwantom.

Tiransmon yana kaɗawa ne kusan gigahaz 5, wato sau biliyan 5 a sakan, wajen da Wi-Fi ɗin gida yake. Kuzarin foton ɗaya, wato ƙwaya guda ta haske ko ta igiyar rediyo, a nan daidai yake da zafin kelbin 0.24, don haka dole a sanyaya komai zuwa kelbin 0.01 ko 0.02, sanyin da ya wuce na sararin samaniya mai kelbin 2.7. In ba haka ba, ɗumi kaɗai ya isa ya yamutsa kubit ɗin. Girman tiransmon kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na milimita ne, mai kaifin ido zai gan shi. Ya fi zarrar ainihi sau miliyoyi. Amma zangon gigahaz 5 santimita 6 ne a iska, kusan biyu da rabi a kan silikon. Ga igiyar da yake hulɗa da ita, shi ma ɗigo ne.

Yanzu maganar magudana. In zarra tana sarari ta saki foton, ko'ina yana iya nufa, kuma in ka harba mata foton, da wuya ya same ta. Dabarar ita ce a matse hasken cikin hanya ɗaya wadda ba ta da gefe, gaba ko baya kawai. A hasken ido zaren gilashi ne, a igiyar gigahaz kuma siririn layin ƙarfe a kan faifan, ɗan'uwan wayar koaksiyal da muke ja daga ƙasa zuwa saman ƙarfe. A cikin irin wannan magudana abin mamaki yake faruwa, wanda Jung-Tsung Shen da Shanhui Fan suka lissafa a Stanford a 2005: zarra guda tana iya zama madubi. In foton ya zo da kaɗawar da ta dace da ita, igiyar da zarrar ta sake fitarwa ta gaba tana kashe wadda ta shigo, sai komai ya koma baya. Oleg Astafiev da tawagarsa a Japan sun nuna haka a 2010, suka tare kashi 94 cikin 100. Shekara guda bayan nan, a Jami'ar Chalmers da ke Gothenburg a Suwidin, aka kai kashi 99.6.

Wannan ƙarfin hulɗa yana da farashi. Ƙofar da haske ke shiga ta nan yake fita. Kubit da aka jingina da magudana sosai yana magana da ita da sauri, kuma da saurin nan yake zubar da abin da aka ajiye masa. In ka nisanta shi don ya riƙe bayani, ka rasa saurin. Masu gina kwamfutar kwantom suna son duka biyun: kubit ya yi shiru lokacin lissafi, ya buɗe baki lokacin aika saƙo. Da yawa daga ƙarin sakit ɗin da ake cusawa a faifan kwantom don sasanta wannan rikici aka yi shi.

A Chalmers ɗin ne dai aka faɗo kan wata hanya, kuma ba ita aka fita nema ba. Martin Gustafsson da Per Delsing da abokan aikinsu suna son su sa kubit ya yi magana da sauti maimakon haske. Sautin da suka zaɓa shi ne wanda ke tafiya a fatar abu mai tauri, irin igiyar da Lord Rayleigh ya bayyana a 1885. A 1965 Richard White da Fred Voltmer a Berkeley suka gano yadda za a tayar da ita da jerin siraran yatsun ƙarfe masu shiga tsakanin juna a kan lu'ulu'un da ke motsawa in an sa masa wuta. Ba baƙon abu ba ne: wayar da ke hannunka tana ɗauke da irin waɗannan matatu da yawa, su ke ware mata layin da take so daga hayaniyar sauran. Mutanen Chalmers suka yi kafasitar tiransmon, wato sashensa mai tara caji, da irin waɗannan yatsu a kan galiyom asinaid, suka sanyaya zuwa kelbin 0.02, suka buga sakamakon a mujallar Science a 2014. Kaɗawar gigahaz 4.8 ce, wadda suka ce ta ɗara sautin ƙarshe na fiyano da hawa kusan ashirin na ninki.

Sautin nan yana tafiyar kusan mita 2900 a sakan, wato ya fi haske nawa sau dubu ɗari. In kaɗawa ɗaya ce amma tafiya ta ragu sau dubu ɗari, zango ma ya ragu haka. Maimakon santimita 6, ya dawo ƙasa da maikuromita ɗaya. Nan take kubit ɗin ya tashi daga ɗigo, ya zama ya fi zangon tsawo kusan sau ashirin, kuma kowane yatsa wuri ne dabam da yake taɓa igiyar. A shekarar nan Anton Frisk Kockum tare da Delsing da Göran Johansson suka rubuta lissafin abin, kuma suka lura cewa ba sai da sauti ba. Ka ɗauki tiransmon na yau da kullum, ka kawo magudana ta taɓa shi, ka bar ta ta yi yawo tana lanƙwasa har tsawon santimita ɗaya ko biyu, sannan ka dawo da ita ta sake taɓa shi. Zarrar ba ta ƙara girma ko kaɗan ba. Nisan da igiya ke ci tsakanin ƙofofinta biyu ne ya kai zango, kuma shi ne abin da lissafi ya damu da shi.

Lissafin mai sauƙi ne har ɗan sakandare zai bi. A ce ƙofa ɗaya tana zubar da kuzari da wani sauri. In ƙofofi biyu ne kuma tazararsu zango ɗaya cur, tudu yana hawa kan tudu, girman igiyar ya ninka biyu, kuzarin da ke fita ya ninka huɗu. In ƙofofi goma ne, ɗari. In kuwa tazarar rabin zango ce, abin da ya fito ta ƙofar farko yana isa ta biyu daidai lokacin da take fitar da kishiyarsa, su kashe juna. Sifili.

Na zana wa yaron da nake koya wa aiki wannan a bayan takardar rahoto muna jiran injin ya huce. Ya duba ya ce, “Oga, ai wannan eriyarmu ce. In aka jera biyu da tazarar rabin zango, ba sigina ta layin da suka jeru. Meye sabo a ciki?” Na ce masa, “To a wurinmu ina wutar take zuwa?” Ya ce, “Gefe mana.” A nan bambancin yake, kuma shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai a duk wannan fanni. Mu ba mu taɓa hana eriya fitar da wuta ba. In muka toshe wani ɓangare, ƙarfin ya bulla ta wani, don sarari yana da gefe, yana da sama da ƙasa. Magudana ba ta da gefe. In ka kashe igiyar da ke zuwa dama, ka kashe mai zuwa hagu, ba sauran inda kuzarin zai bi. Zarrar tana matakin sama, tana manne da magudana ta ƙofofi biyu a buɗe, amma ba ta iya saki. Tun 1946 Edward Purcell ya nuna cewa saurin da zarra ke sakin haske ba halinta ba ne ita kaɗai, ya danganta da abin da ke kewaye da ita. A nan zarrar ce da kanta take tsara kewayenta.

Kuma abin yana da makunni. Kaɗawar tiransmon tana canzawa in ka ratsa ɗan maganaɗisu ta cikin zoben mahaɗarsa, cikin 'yan nanosakan (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan). Kaɗawa ta canza, zango ya canza, tazarar da take rabin zango ɗazu ta zama wani abu dabam. Da waya ɗaya za ka kai kubit inda yake kurma, ka kuma dawo da shi inda yake magana da dukan ƙarfinsa. Tawagar Christopher Wilson a Jami'ar Waterloo ta Kanada sun gina mai ƙofa shida, suka buga a 2021 cewa bambancin buɗe da rufe ya haura sau 300. Sun kuma yi amfani da cewa matakan tiransmon ba tazara ɗaya gare su ba, suka sa wani mataki yana zuba da sauri wani yana riƙewa, abin da a zarrar ainihi sai dai ka karɓi yadda ka same ta. Har ɗan gocewar matakan kuzari da Willis Lamb ya auna a haidurojin a 1947, a nan abu ne da mai zane yake tsarawa.

Mai shakka zai ce zarra a gaban madubi ma tana yin kusan haka, don igiyarta tana dawowa ta same ta. Gaskiya ne. An gwada da ƙwayar bariyom a Innsbruck ta Ostiriya a 2001, an gwada da tiransmon a Chalmers a 2015. Da a nan labarin ya tsaya, da ni ma na ce tsohon zance ne aka sake wa riga, ko da yake madubi yana toshe hanya, ƙatuwar zarra kuwa tana barin magudana a buɗe, sauran saƙonni su wuce ta gabanta. Abin da madubi ba zai iya ba ya fito ne da aka sa zarra biyu.

A 2018 Kockum da Johansson da Franco Nori na cibiyar RIKEN ta Japan suka tambayi abu mai sauƙi: in zarra biyu ne, kowace da ƙofa biyu a magudana ɗaya, ta hanya nawa za a jera ƙofofin? Uku ne kawai. Ko kowace ta yi nata wuri, ƙofofin ta farko sannan na ta biyu. Ko ɗaya ta shige cikin ɗaya, ƙofofin ta biyu duka a tsakanin na ta farko. Ko kuma a yi musu tufka: ƙofar ta farko, ta ta biyu, ta farko, ta biyu. Yanzu a saita kowace a inda ba ta zuba. A tsari na farko da na biyu, shirun ya zama cikakke, ba sa zuba kuma ba sa jin juna. A tufka kaɗai ake samun zarra biyu da ba sa zubar da komai amma suna musayar kuzari a tsakaninsu.

Yadda na fahimce shi shi ne da soro. Igiyar zarrar da ta yi shiru ba ɓacewa ta yi ba. Tana nan a ɗan tsakanin ƙofofinta biyu, a waje ne kawai aka kashe ta. Wannan ɗan tsakanin soronta ne: abin da aka faɗa a ciki ba ya kaiwa titi. Maƙwabcin da ƙofarsa take can gaba a kan titi ba zai ji komai ba. Amma in akwai wanda ƙofarsa ɗaya ta buɗe cikin soron, shi kam zai ji, kuma mutanen titi ba su san an yi ba. A tufka, kowace zarra tana da ƙofa ɗaya tak a cikin soron 'yar'uwarta. A tsarin ɗaya cikin ɗaya, soron ta ciki babu ƙofar ta waje ko ɗaya a cikinsa, kuma abin da ta ciki ke ji daga ta waje yana shigo mata ta ƙofofi biyu masu kashe juna.

Don a ga girman wannan, a tuna yadda ƙananan zarra suke. An nuna a Zurich a 2013, a dakin gwajin Andreas Wallraff, cewa tiransmon biyu masu tazarar kusan santimita biyu a magudana ɗaya suna musayar kuzari ta hanyar foton. Amma suna yi suna zuba. Akwai wani haɗi na musamman, wanda asalinsa ke komawa ga aikin Robert Dicke na 1954, inda zubar ɗaya ke kashe ta ɗaya, sai dai wannan yanayi guda ne kawai yake samun kariya. Kwamfuta kuwa tana buƙatar kubit su shiga kowane yanayi. A tufka kowace zarra da kanta take rufe bakinta, don haka duk yanayin da suka shiga a kare yake.

Bharath Kannan da William Oliver da tawagarsu a MIT ta Amurka suka gina shi, aka buga a mujallar Nature a watan Yulin 2020. Tiransmon biyu, magudana mai lanƙwasa, ƙofofi a tufke. Suka kai su kaɗawar da ba sa zuba, suka bar su suka yi musaya na ɗan lokaci, suka samu sarƙewar kwantom tsakaninsu, wato halin ɗaya ya ɗauru da na ɗaya, da ingancin kashi 94 cikin 100. Wasu rahotannin da na karanta a lokacin sun yi ta zuzuta abin kamar an gama da matsalar kwamfutar kwantom. Ba haka ba ne. Dabarun gyaran kuskure da aka fi dogara da su suna buƙatar inganci ya haura kashi 99, kuma hanyoyin haɗa kubit na yau da kullum sun riga sun wuce nan. Darajar gwajin MIT a wani wuri take: sun sarƙe kubit biyu ta cikin hanyar da take buɗe ta ɓangarorin biyu, wadda kowa ya ɗauka magudanar asara ce.

Akwai kuma ɓangaren lokaci, wanda ni ya fi ba ni sha'awa ko da ba shi da kasuwa. Duk abin da na faɗa zuwa yanzu ya ɗauka cewa igiya tana ƙetare tsakanin ƙofofin nan take, kafin zarrar ta canza hali. Da hasken gigahaz a kan faifai haka ne. Da sauti ba haka ba ne. Sautin da ke tafiyar mita 2900 a sakan yana cin kusan nanosakan 170 kafin ya ƙetare rabin milimita. In da wayar koaksiyal za ka nemi wannan jinkiri, sai ka ja fiye da mita 30, ka kuma nemo yadda za ka cusa ta a firji. Nanosakan 170 ya isa kubit mai ƙarfin hulɗa ya zubar da kuzarinsa gaba ɗaya, sannan abin da ya saki ta ƙofar farko ya iso ƙofa ta biyu ya sake shiga.

Tun lissafin Victor Weisskopf da Eugene Wigner na 1930, ka'idar da ake koyarwa ita ce zarra tana lafawa da tsari ɗaya: bayan wani lokaci rabi ya rage, bayan irin wannan lokaci rabin rabi, haka har ƙarshe. Tushen wannan tsari shi ne zarra ba ta tuna baya, abin da ya fita ya fita. Lingzhen Guo da abokan aikinsa suka lissafa a 2017 cewa ƙatuwar zarra mai jinkiri ba za ta bi wannan ba: za ta sauka, ta sake hawa in amsa-kuwwarta ta iso, ta sake sauka, kuma jimillar lafawar ta fi ta ka'ida nawa. Gustav Andersson da Delsing da sauransu suka auna haka a Chalmers, suka buga a Nature Physics a 2019, da kubit mai ƙofa biyu masu tazarar zango wajen ɗari. A zanen da suka fitar, maimakon tudu ɗaya da ake gani a zarra ta al'ada in an bi ta da kaɗawa daban-daban, tudu ne da yawa a jere. A 2020 Guo da Kockum da Florian Marquardt da Johansson suka ƙara da cewa in ƙofofin sun kai uku, ana iya samun yanayin da kuzari yake kai da komo tsakanin zarrar da magudanar da ke tsakanin ƙofofinta, ba ya tsayawa kuma ba ya tserewa. Lissafin irin wannan tsari mai tuna baya yana da wuya ƙwarai da zarar foton ya wuce ɗaya ko biyu, shi ya sa samun na'urar da za a auna shi kai tsaye yake da amfani.

Wani abin da ya sa ni murmushi shi ne aikin Chaitali Joshi da Frank Yang da Mohammad Mirhosseini na Caltech a 2023. Sun sa ƙofofin biyu ba sa fitar da igiya lokaci guda, ɗaya tana ɗan gaba da ɗaya. In tazarar rubu'in zango ce, jinkirin ma rubu'in kaɗawa, igiyar tana ƙaruwa ta ɓangare ɗaya ta mutu ta ɗaya. Zarrar ta zama mai fitar da foton dama kawai, ko hagu kawai, yadda aka saita ta, kuma foton da ya zo ta ɓangaren da ba nata ba wucewa yake kamar ba ta nan. Wannan ita ce dabarar da ke cikin eriyar talabijin mai haƙarƙari da ke kan rufin gidaje, wadda Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi suka fito da ita a Jami'ar Tohoku a 1926. Ga mai son aika foton daga wannan kubit zuwa wancan, sanin ɓangaren da zai bi ba ƙaramin abu ba ne, don ƙaramar zarra rabi take aikawa dama rabi hagu. Tunanin ya ma fita daga tiransmon: a Jami'ar Zhejiang ta ƙasar Sin an gwada shi a 2022 da ɗan ƙwallon maganaɗisu da aka ɗora a kan magudana mai lanƙwasa, kuma Ignacio Cirac da abokan aikinsa sun ba da shawarar yin sa da zarra masu sanyi da aka kama cikin ragar leza.

Matsalolin da suka rage irin waɗanda mai aikin hannu yake ganewa ne. Kashe juna ba ya cika sai ƙofofin biyu sun zo daidai da juna a ƙarfi, kuma magudanar da ke tsakaninsu ba ta shan komai. Ɗan bambanci a faɗin ƙarfe, ko 'yar asara a lanƙwasa, shirun ya fara yoyo. Lanƙwasar kanta tana cin wuri, santimita guda ko biyu ga kowane kubit a faifan da ake ƙirga filinsa da milimita. Sannan makunnin da kaɗawar kubit abu ɗaya ne: in ka matsar da shi don ya buɗe baki, ka ratsa da shi ta kaɗawar maƙwabtansa, kuma tiransmon mai canza kaɗawa ya fi jin hayaniyar maganaɗisu. A ɓangaren sauti kuwa, lu'ulu'un da ke ba da igiyar shi ne kuma yake rage wa kubit tsawon rai.

Don haka ba na tsammanin za a ga ƙatuwar zarra a tsakiyar kwamfutar kwantom, inda ake cusa kubit kusa da kusa. Inda nake ganin za ta zauna shi ne bakin faifai, wurin da faifai ɗaya zai miƙa wa wani foton ta waya, domin a nan ne ake buƙatar kubit da zai yi shiru, ya saki foton ɗaya ta ɓangaren da aka ce, ya sake yin shiru. Sai kuma ɗakunan gwajin masu nazarin tsarin da ke zubar da kuzari, waɗanda suke son asarar da za su iya kunnawa su kashe da waya ɗaya.